Takunkumin Taga ta Biyu

Shekarar da murar nan ta shigo Jimeta, ruwan Binuwai bai gama janyewa ba, yaƙin basasa ma bai ƙare ba. Rediyo ya ce daga can ƙasashen gabas ta taso, ta zaga duniya kaf kafin ta tuna da mu. To da ta tuna kuwa, ba ta zo da wasa ba. Mutum zai kwana garau, ya tashi kansa kamar an ɗora masa dutsen niƙa, kafin la'asar yana rawar ɗari a tsakiyar zafin Yola. Matasa kan sha wuya su miƙe. Tsofaffi da masu ciwon ƙirji kuwa, da yawansu ba su miƙe ba.

Mai hali ya kulle ƙofarsa ya zauna a gida. Ma'aikatan gidan waya ba su da wannan gatan. Kusan kowace unguwa tana da ɗa a bakin daga, saboda haka kullum iyaye mata na nan jere a gaban kanta, wannan na tari, waccan na atishawa, kowacce na son ta ji ko yaronta ya rubuto. Malam Ɗantani, fosmasta, wato shugaban ofis, ya yi ta aika waya hedkwata a taimaka masa da abin rufe hanci da baki irin na asibiti. Da ƙyar da jiɓin goshi aka aiko. Da aka kwance ƙunshin a gaban kowa, sai ga ƙyallaye uku kacal, farare, shara-shara, kowanne da igiya huɗu. Bakari mai kai wasiƙu ya ɗaga ɗaya ya leƙa mutane ta cikinsa, ya ce, "Wannan ai takunkumi ne, irin wanda ake sa wa jaki kada ya ci dawa." Shi ke nan suna ya bi shi.

Uku, ga ma'aikata cike da ofis. Malam Ɗantani bai sha wahalar rabo ba, domin gidan waya yana da tsarinsa tun zamanin Turawa: kayan aiki na aiki ne, ba na mutum ba. Keke na wanda zai fita ne. Rigar ruwa tana rataye a ƙusa, wanda hadari ya tarar shi zai ɗauka. Tagogin kanta uku ne, takunkumi uku ne, magana ta ƙare. Duk wanda ya zauna a taga shi zai ɗaura, in ya tashi ya miƙa wa mai karɓarsa tare da hatimi da makullin aljihun tebur. Wallahi ba wanda ya ga aibun wannan hukunci, har yaba wa Malam aka yi da adalci.

Taga ta biyu ta mutum biyu ce. Da safe Ɗanburam, bayan azahar Apollos. In ɗaya yana taga, ɗayan yana ɗakin baya yana ware wasiƙu gari-gari.

Ɗanburam Bafulatanin cikin garin Yola ne, dogo, siriri, mai furfura a gemu, kullum yakan tuƙo kekensa daga Yola zuwa Jimeta ba ya makara. Maganarsa ba ta da yawa. Apollos kuwa mutumin Numan ne, gajere, kakkaura, mawaƙin coci, in ya yi dariya sai an ji a bakin titi. Hausarsa irin ta Jimeta ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Matarsa Kezia ma "ya ce" take a bakinsa. Shi yana kiran Ɗanburam "Bafillace", Ɗanburam yana kiransa "Apolo", kuma ba a taɓa wuni ba su yi faɗa a kan wani abu ba.

Asalin amincinsu a bakin randa ya fara. Lokacin da aka kawo Apollos yana saurayi, randar ofis tana da abin sha biyu: moɗa mai kyau ta masu salla, da wani tsohon gwangwanin madara mai tsatsa na waɗanda ba sa yi. Ba a rubuta wannan doka ko'ina ba, amma kowa ya san ta. Ranar farko Apollos ya ɗauki gwangwanin ya sha rabi. Ɗanburam ya zo wucewa, ya karɓe daga hannunsa ya shanye sauran, ya yi hamdala, ya wurga gwangwanin bayan katanga. Tun daga ranar moɗa ɗaya suke sha. An yi surutu a Yola, har wani kawunsa ya kira shi ya yi masa faɗa. Ɗanburam ya saurara da ladabi, kansa a sunkuye, ya koma ya ci gaba da abinsa. Apollos bai taɓa mantawa ba. Sau nawa aka yi masa tayin komawa Numan, kusa da danginsa da na Kezia, yana cewa a bari tukuna. Kowa ya san wane ne tukunan.

To, da takunkumi ya zo, sai ya zama sabon abin faɗa. Apollos zai karɓa ya shinshina ya yamutsa fuska.

"Kai Bafillace, goro ka ci ko a ciki ka tauna ka tofa? Dubi yadda ya yi ja."

"Kai fa? Jiya da na ɗaura, har azahar kifin Binuwai nake shaƙa."

Ko takunkumin yana tare cutar, ko ba ya tarewa, Allah kaɗai ya sani, don ba su ba shi damar gwada kansa ba. Soson da ake jiƙa kan sarki da shi ya daɗe da bushewa a cikin gwangwaninsa. In tsohuwa ta miƙo ambulan, Ɗanburam sai ya ja takunkumin ƙasa, ya lashi kan sarkin, ya manna mata, ya mayar da abinsa sama cikin natsuwa. Apollos kuma in zai yi wa mutum bayani sai ya sauke shi zuwa haɓa, wai don a ji shi da kyau, shi da ake ji daga bakin titi. Da yamma a rataye shi a ƙusa ya sha iska, gobe a ɗora daga inda aka tsaya.

Ana haka, wata safiya Ɗanburam ya tashi ya ji gwiwoyinsa ba nasa ba. Maƙogwaro kamar ya haɗiyi ƙaiƙayi. Matarsa Fadimatu ta kawo kunu, ta tsaya tana kallon yadda kofin ke rawa a hannunsa.

"Malam, jikin ne?"

"Jam," ya ce, wato lafiya lau.

Kada ku ga laifin Fadimatu da ta yi shiru. A gidan da Ɗanburam ya tashi, namiji ba ya cewa yana jin yunwa, ba ya cewa yana jin ciwo. Abin kunya ne, kuma kunya a wurinsu ta fi ciwon zafi. Mahaifinsa kunama ta taɓa harbinsa yana cikin sahu, ya idar da sallarsa, ya yi lazimi, ya gaisa da mutane, ba wanda ya sani sai da aka ga takalmi ya ƙi shiga. Ɗan wannan mutumin ne za ka ce ya buɗe baki ya ce mura ta kama shi? Ya hau kekensa ya nufi Jimeta. Hanyar da ya saba ci kamar wasa, ranar sai da ya sauka ya huta a gindin wata tsamiya, yana yi kamar sarƙa yake dubawa.

Ya ɗaura takunkumi ya zauna a taga. Tari ya riƙa taso masa yana danne shi, wanda ya fi ƙarfinsa ya sake shi a hankali cikin ƙyallen. Ranar bai lashi kan sarkin kowa ba. Wata tsohuwa 'yar unguwar Rumde da ake kira Gogo, wadda ta saba shi ke manna mata, har ta tambaya ko ta yi masa laifi ne. Kafin azahar ƙyallen ya jiƙe sharkaf, ya yi ɗumi, ya manne masa a leɓe.

Sai ga Apollos ya fito daga ɗakin baya yana waƙa, yana goge hannu a wando. Ɗanburam ya kai hannu ƙeya zai kwance igiyar, sai ya tsaya. Ba likita ba ne, amma ba ya bukatar likita ya gaya masa abin da ke cikin ƙyallen nan. Kuma ba Apollos ya fara faɗo masa a rai ba, Kezia ce. Kezia mai ciwon fuka, wadda ko hayaƙin murhu ya yi yawa sai ta kwana a zaune tana neman numfashi. Bara waccan da ciwon ya tashi, shi da kansa ya tsaya a barandar asibiti tare da Apollos, yana jin yadda ƙirjinta ke kuka ta cikin ƙofa. In wannan abu ya bi Apollos gida, Kezia ba za ta kai labari ba. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda bai ji wa kansa ba da safe.

Ya miƙa hatimi. Ya miƙa makulli. Apollos ya bar hannunsa a buɗe yana jira.

"Saura rigar jakin."

"Wannan yana wurina."

"Yana wurinka kamar yaya? Gadonka ne?" Apollos ya yi dariya ya kai hannu zai fizge. Ɗanburam ya ja da baya da sauri, har ya ture kujera.

"Kada ka taɓa ni, Apolo. Ka nemi naka."

Kai, Ɗanburam! Kalmomi nawa ne a duniya, ka rasa waɗanda za ka ɗauko sai waɗannan? Da ya ƙara guda huɗu a kai, da an wuce wurin. Amma guda huɗun nan sun tsaya masa a wuya, sun ƙi fita. Dariyar Apollos ta ɗauke. Ya dubi hannunsa, ya mayar da shi aljihu, ya ja kujera ya zauna.

Ɗanburam ya juya zai shiga ɗakin baya, sai ya waiwaya ya ga abin da ya haifar: ga Apollos zaune a taga, fuska a buɗe, ga wani ɗan kasuwa ya sunkuyo yana tari a kan kanta. Ya tsare shi daga murar mutum ɗaya ya miƙa shi ga ta gari duka. Ya dawo ya tsaya a kansa.

"Tashi. Ni zan ci gaba da zama."

"Lokacina ne."

"Na ce ka tashi ka koma baya. Daga yau tagar nan ni zan riƙe ta safe da yamma."

Malam Ɗantani, da ma ma'aikatansa biyu na kwance a gida, wasiƙu sun taru a ɗakin baya har ƙasa, ya ce ai hakan ma ya fi, Apollos ya fi kowa saurin warewa. Apollos ya tashi. Ya shige ɗakin baya ba waƙa ba tsokana, abin da ba a taɓa gani ba.

Da la'asar ƙishi ya kai Ɗanburam bakin randa. Ya tarar da Apollos a wurin da moɗa a hannu, ya sha rabi. Ko don sabo, ko don ya gwada, Apollos ya miƙo masa sauran. Ɗanburam ya kalli moɗar. In ya kafa baki a nan, duk ofis zai sha bayansa, Apollos ne na farko. Ya girgiza kai, ya juya da ƙishinsa.

Bakari yana gefe yana ɗaure jaka a bayan keke. Shi Bakari ba mugu ba ne, bakinsa ne ba shi da linzami. Ya ce, "Oga Apollos, ka yi haƙuri. Ba ka ji sunan Malam Ɗanburam ya fito cikin masu zuwa Makka bana ba? Ai dole a fara tsabtace jiki tun yanzu."

Ɗanburam ya ji, yana bakin ƙofa. Ya so ya juyo ya kwaɗa wa Bakari mari, ya so ya ce ƙarya ne. Tari ya taso masa, ya shige ciki da sauri don kada su ji. Shirun nan nasa shi Apollos ya ɗauka a matsayin amsa.

Kashegari Apollos ya zo da kofinsa daga gida, ya ajiye a gefen randa, nesa da moɗa. Ya zo kuma da takunkumi nasa na kansa, ninki uku, na ragowar atamfa mai ruwan ganye, ɗinkin Kezia. Shi ya ɗaura ne don ya nuna ba ya bukatar na kowa. Ɗanburam kuwa da ya gani, wani sanyi ya ji a ransa, ya ce alhamdu lillahi a ɓoye. Amma sanyin bai daɗe ba. Apollos ya zo wucewa ta bayansa da damin wasiƙu, ya tsaya, ya ɗan rusuna.

"Ina kwananku, Malam Ɗanburam? Kun zo lafiya?"

Ku! Mutumin da ya shekara da shekaru yana ce masa Bafillace mai ƙafar sauro, yau shi ne da "kun zo lafiya". Da zagi ya yi masa da ya fi sauƙi. Ɗanburam ya ce, "Lafiya lau," ya ci gaba da buga hatimi, idonsa na yaji, shi kansa bai san ko zazzaɓi ne ko wani abu ba.

Haka suka ci gaba, zazzaɓi na ƙaruwa, gaisuwa na ƙara ladabi. Da dare Fadimatu ta dafa masa ganyen darbejiya, ta ce wai ragowar wanda ta yi wa jikarta ne, kada a zubar. Ya sha, suka bar maganar a haka. Da safe ta tsaya a zaure ta riƙe kan keken kamar mai goge ƙura. Ya ɗan jira, ta saki. Cikin ransa yana ta lissafi irin na mai taurin kai: mura ce, za ta wuce, in ta wuce zai karɓi moɗa daga hannun Apolo ya sha, shi ke nan ba sai an yi wani bayani ba. Bai san Apollos ma yana nasa lissafin ba.

Ranar da jakar wasiƙun Maiduguri za ta tashi, layi ya kai har waje. Ɗanburam yana ganin mutane bibbiyu. Ya sallami wani soja, ya ɗaga kai, sai ya hango atamfa mai ruwan ganye a cikin layi. Apollos ne. Ya fita ta ƙofar baya, ya zagayo ta gaba, ya bi sahu kamar baƙon da bai taɓa shiga gidan waya ba, Gogo 'yar Rumde na bayansa. Da layi ya iso kansa ya ajiye ambulan a kan kanta, ya tura da ɗan yatsa ɗaya. Ya riga ya manna kan sarki.

"A taimaka a buga mini hatimi, Malam. Ta hedkwata ce. Na karɓi canjin Numan."

Ɗanburam ya dubi ambulan ɗin. Rubutun Apollos ne, manya-manyan baƙaƙe masu kwanciya gefe guda.

"Fosmasta ya sani?"

"Ya sani. Ya ce in sake tunani. Na ce na gama." Ya gyara zaman takunkuminsa. "Ban zo rigima ba. Kun yi mini alheri da yawa, ba zan manta ba. Amma ni ba zan zauna inda sai an wanke hannu in na wuce ba. Na tsufa da wannan."

Hatimi yana hannun Ɗanburam. Aikin da yake yi sau ɗari a wuni ba tare da ya duba ba: a dangwala a tawada, a buga, a jefa a kwando. In ta shiga jaka ta tafi, ba mai dawo da ita, wannan shi ya fi kowa sani. Ya dubi layin. Rabin Jimeta na nan: 'yan kasuwa, matan sojoji, malaman makaranta, har da wani maƙwabcinsa na Yola da ya san mahaifinsa. A ɗaki, su biyu, ya kasa faɗa. Yanzu ga inda taurin kai ya kawo shi.

Ya ajiye hatimin a hankali. Ya ce, ƙasa-ƙasa, cikin jiƙaƙƙen ƙyalle, "Apolo, ba ni da lafiya."

"Na'am?"

Takunkumin ya cinye maganar. Apollos ya matso da kunne. Ɗanburam ya ɗaga hannu ya tsayar da shi.

"Kada ka matso. Na ce ba ni da lafiya."

"Ban ji ba, Malam, ku ɗaga murya."

Ɗanburam ya rufe ido. Ya tattara ɗan ƙarfin da ya rage masa, ya faɗa da muryar da bai taɓa amfani da ita a gidan waya ba.

"Ba ni da lafiya! Murar ce ta kama ni! Tun ran nan!"

Tari ya biyo baya, wanda ya daɗe yana dannewa, ya nannaɗe shi a kan kujera. Gogo ta juya ta gaya wa na bayanta, "Wai ba shi da lafiya." Na bayanta ya gaya wa na bayansa. Ɗanburam yana ji maganar tana tafiya baki-baki har bakin ƙofa, har wajen masu sayar da gyaɗa. Layi ya ja da baya gaba ɗaya. Mutum ɗaya ne bai motsa ba.

"Tun ran nan," in ji Apollos. "Tun ranar da ka hana ni?"

"Na yi tari a ciki. Da ka ɗaura, da ka kai wa Kezia." Ya numfasa da ƙyar. "Ka san ƙirjinta."

Apollos ya tsaya kamar an dasa shi. Sannan ya fashe, kuma wallahi har bakin titi aka ji.

"Kai! Kai Bafillace! Amma kai mugu ne! Bakinka ciwo yake? Kalma nawa ce? Ka bar ni ina kwana ba barci, ina juyi, Kezia yana tambayana me ya faru ina cewa ba komai! Na zage ka a zuciyana, na zagi Makkan da za ka, Allah ya yafe mini! Ashe mutuwa kake yi a zaune kana buga hatimi! Wa ya gaya maka ana ba da lambar yabo a kan wannan?"

"Ka rage murya, Apolo, mutane."

"Mutanen me? Ai kai ka tara su!"

Ya fizge ambulan ɗinsa daga kan kanta, ya zaga da gudu, gajeren mutum da tumbi, ya faɗo ta ƙofar baya. Malam Ɗantani ya fito yana salati, yana cewa a rufe taga ta biyu, a kawo ruwan zafi a wanke kanta. Apollos ya sa hannu a aljihun rigarsa ya zaro wani abu ya jefa wa Ɗanburam a cinya. Takunkumi ne, ninki uku, amma wannan fari ne tas, an yi masa ɗinki ƙanana a gefe.

"Cire wannan ƙazamin ka sa wannan. Tare Kezia ya ɗinka su. Ya ce kai ba za ka sa mai fure ba, shi ya sa ya nemo fari. Ni na ƙi ba ka, don haushi. Kullum yana aljihuna."

Ɗanburam ya juya fuska bango ya canza. Igiyar ta ƙi ɗauruwa, amma da Apollos ya matso sai ya daka masa harara, dole ya tsaya yana kallo har ya gama. Tsohon takunkumin kuwa Malam Ɗantani ya sa aka ɗauke shi da tsinke aka kai bayan katanga aka cinna masa ashana, kayan gwamnati ko ba kayan gwamnati ba. Nan take ya ce sauran biyun ma daga yau kowa ya riƙe nasa, ya tambayi Apollos ko Kezia za ta iya ɗinka wa duk ofis.

"Zai ɗinka. Yanzu asibiti tukuna."

Nan wata rigimar ta tashi. Ɗanburam ba zai iya tuƙa keke ba, ko tsayuwa sai da ya dafa bango. Apollos ya jawo keken ofis mai faffaɗan mazaunin kaya, ya ce ya hau. Ɗanburam ya ce atafau, ba zai zauna yana hura masa numfashi a ƙeya ba, gara ya tafi da rarrafe.

"To juya."

"In juya ina?"

"Ka ba ni baya. Ka hura wa Jimeta, ni ka bar ni."

Haka aka yi. Malam Ɗanburam na cikin garin Yola, mai furfura a gemu, wanda ko dariya ba ya yi da ƙarfi a gaban mutane, ya zauna a bayan keke yana kallon inda aka fito, dogayen ƙafafunsa na reto, ya riƙe ƙarfe da hannu biyu. Masu layi suka fito suna kallo. Gogo ta ɗaga hannu tana yi masa addu'a da Fulatanci. Ya so ƙasa ta tsage ya shige, amma ba shi da ƙarfin jin kunyar ma sosai. Ya jingina bayansa da na Apollos, don in bai jingina ba faɗuwa zai yi.

Suka gangara ta unguwar Alƙalawa, Apollos na haki yana taka feda, bai daina faɗa ba. Can sai faɗan ya tsaya. Ɗanburam ya ji bayan da ya jingina da shi yana girgiza, ba irin girgizar gargadar hanya ba.

"Apolo."

"Mene ne kuma?"

"Wasiƙar fa?"

"Wace wasiƙa? Kezia zai hura wuta da ita." Ya ja hanci da ƙarfi. "In tafi Numan in bar ka da wa? Kai da ko mutuwa za ka yi sai an yi bincike kafin a sani."

Apollos ya ci gaba da taka feda, sarƙa na ƙara.

"Yanzu gaya mini gaskiya, Bafillace. Ina ne ke maka ciwo?"

Ɗanburam ya buɗe baki zai ce jam, don ita ce a kan harshensa tun yana yaro. Ya haɗiye ta. Ya kwantar da ƙeyarsa a kafaɗar abokinsa, ya lumshe ido.

"Ko'ina, Apolo," ya ce. "Wallahi ko'ina."

"Yawwa," in ji Apollos. "Riƙe da kyau, mun kusa."